Ruwan da Ke Cika Sau Biyu a Rana

Greensboro, Yuni 1994

Assalamu alaikum Yaya Dije,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Dabo, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida da na bakin kasuwar Yelwa. Yaya ƙafar taki? Kina shafa man da na bar miki, ko kin rabar wa maƙwabta kamar yadda kika saba? A gai da Malam Sale da zai karanta miki, ya yi haƙuri da ajamina. Ban yi boko ba, allon ma ya san inda na tsaya.

Ni dai alhamdu lillahi. An yi aikin idon dama, an cire yanar, yanzu har ƙurajen fuskar Bature ina gani. Na hagu sun ce sai gaba. Ɗanki Muntari yana lafiya, kullum yana jami'a, wai har yanzu karatu yake, mutum da furfura a gemu. Matarsa Aishatu tana jinyar wata tsohuwar Baturiya a unguwar Sedgefield, inda manyan mutane ke bin 'yar ƙwallo da sanda a kan ciyawar da za ta ƙosar da garken shanu. Takwararki kuma, wadda suke kira Suhaila, ta shekara bakwai, tana famfara, baki kamar ƙofar rumbu.

Maganar da kika aiko ni, na yi ta. Bayan sallar layya, da muka dawo daga Pleasant Garden inda aka yanka ragon a gonar wani Bature, na zaunar da shi na ce, "Muntari, ranar sunan yarinyar nan ka aika wa gwaggonka cewa in ta isa shiga makaranta tata ce, ta riƙe ta kamar yadda ta riƙe ka da uwarka ta rasu. Ga shi ta isa har ta wuce. In zan koma bayan damina, da ita zan koma." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bari mu gani." Yaya, tun ranar nake jira a gani, ba a gani ba.

Na san inda matsalar take. Ba su yarda da ni ba. Tun zuwana ba a taɓa barina na fita da yarinyar nan mu biyu ba. Akwai fili mai lilo a bayan gidajenmu, da ka leƙa taga kana hangensa. Ran nan na kama hannunta mu je, sai ga Aishatu ta biyo mu ba takalmi, da ludayi a hannu, wai motoci. Ni! Ni da na shekara arba'in ina ƙetarar da mata masu goyo a Kwara da kwalekwale, ko ɗan kunnen wata bai taɓa faɗawa ruwa ba. Ban tanka mata ba, suruka ce. Amma ban ci tuwonta ba ranar.

Abin da ya fi damuna Hausar yarinyar. Ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. In na ce, "Amarya, ina tuwona? Ko sakinki zan yi?" sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ce "Girampa," wai kaka ke nan, ta zuba Turanci kamar ruwan sama a kan kwano. In ta ƙara shekara biyu a nan, ko an kawo miki ita sai dai ku yi ta kallon juna.

Wai a watan Agusta za su yi hutu, za mu je bakin teku, tafiyar rabin yini a mota. Da na ce ba ni zuwa, me zan gani a ruwa da ban gani ba? Daga baya na sake tunani. A garin nan ni ba kowa ba ne. Ban san bas ɗin da zan hau a tashar cikin gari ba, murhu ma sai an kunna min. Amma a bakin ruwa za su ga ko ni wane ne. In suka ga yarinya a hannuna a inda na fi su sani, bakin kowa zai mutu.

Ki yi ta addu'a. Ki daina ɗaukar tulu da kanki.

Ƙaninki,
Dabo

Yelwa, Yuli 1994

Dabo,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta iso bayan ta sha hanya, don ƙasar duk yajin aiki ake, babu mai, motar gidan waya sai ranar da ta ga dama. Malam Sale ya ce rubutunka kamar inda kaji suka yi tono, amma ya tsinto abin da ya tsinto. Shi ke rubuta min wannan, yana gaishe ka.

Na yi murna da ido. Allah ya ƙara sauƙi. Ƙafa kuwa tana nan yadda ka bar ta, ta ma ɗan ƙara kumburi. Na daina suyar kifi, ba na iya zaman bakin kasko. Ranar wata Talata na zame a bakin randa, sai da Abigel maƙwabciyata ta ji ƙarar kwano ta shigo ta ɗaga ni. Ba wani abu ba ne, kar ka mai da shi magana. Na faɗa maka ne kawai don ka san ba ni da shekarun da zan yi ta jiran "bari mu gani." Gidan nan in magariba ta yi, ni ce da kyanwa. Ina so in ji ana kiran sunana a tsakar gida ana nufin wata, in yi mata kitso, in koya mata girki, tun hannuna yana motsi.

Amma ka saurare ni da kyau. Ka sassauta wa Aishatu. Ƙin cin tuwonta me zai kawo mana? Uwa ce. Ni ban haifa ba, amma ban manta abin da na ji ba ranar da aka sa Muntari a mota zuwa makarantar kwana, sai da na yi mako abinci ba ya wuce min. Kar ka karɓo min yarinya da faɗa, uwarta tana hawaye a baya. Kuma kar ka dawo min hannu rabbana. Yadda za ka haɗa biyun, kai ka sani, ai kai ne namiji.

Maganar teku kuwa, tun da Malam Sale ya karanta gabana ke faɗuwa. Teku ba Kwara ba ce. Alhazan da suka gan ta a Jidda sun ce ba ta da ƙetare. Kai kuma tun kana yaro in aka yi maka gyara a kan ruwa sai ka kumbura kamar an zage ka. Baba ma da ransa sai da ya gaji ya ƙyale ka. In mutanen wurin suka faɗi abu, ka ji. Ba a garinku kake ba.

Ka shafa min kan takwarata. Ka ce mata na aje mata 'yar tukunya da ƙaramin muciya.

Yayarka,
Dije

Bofat, bakin teku, Agusta 1994

Yaya Dije,

Sallama da gaisuwa. Duk muna lafiya. Takardarki ta zo ana jibi za mu taso. Na ji faɗan da kika yi min, na gode, dama ke kaɗai kika rage ba ki yi ba. Maganar faɗuwa a bakin randa kuwa, kin ce kar in mai da ita magana, to ta zauna min a ƙirji.

Ina rubuto miki daga wani tsohon gari da suke kira Bofat. Gidajen katako ne farare, sun jeru suna kallon ruwa, wasu wai sun girmi kakan kakanmu. Mutane na tahowa daga nesa don kawai su tsaya su kalli tsohon gida. Na ce da Muntari, mu da ruwan dam ya cinye tsibirinmu da gidan Baba da kabarinsa, wa ya zo kallo? Ya ce in yi haƙuri. Kullum in yi haƙuri.

Sun kai mu maƙabarta, wai ita ma abin yawon buɗe ido ce. Tana tsakiyar gari ƙarƙashin manyan itatuwa, mutane na ratsa kaburbura suna lasar ƙanƙara mai zaƙi. Yawancin na kwance a wurin wai masu jirgi ne. A can ciki akwai wani ɗan ƙaramin kabari da aka tara wa 'yan tsana da katantanwa. Mai yi mana bayani ta ce, Muntari yana fassarawa, wai yarinya ce da ubanta ya ƙetare teku da ita, bayan ya yi wa uwarta alkawarin zai dawo da ita. Ta rasu a hanyar dawowa, sai gawarta ya kawo a cikin ganga. Ko gaskiya ne ko tatsuniya, Allah masani. Amma na ga Aishatu ta damƙe hannun Suhaila har yarinyar ta yi ƙara, kuma ta kalle ni. Ita da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Na ce a raina, shi ke nan, wannan kabari ya ɓata min aikin wata uku.

Amma Allah ya kawo sauƙi. Daga nan muka shiga wani gida da suka tara jiragen ruwa na da. Can a lungu sai ga kwalekwale na icce guda, sassaƙaƙƙe, kamar namu sak. Na nuna wa Suhaila yadda ake durƙusawa a baya, yadda ake riƙe filafili a karkata shi don hanci ya miƙe. Ta yi ta kwaikwayo da iska tana dariya, har wasu Turawa suka tsaya kallo. Na ji ta nuna ni tana gaya musu wani abu da "Girampa" a ciki. Muntari ya ce cewa take kakanta direban jirgi ne a Afirka.

Teku kuwa, na gan ta. Ba zan ɓoye miki ba, da na tsaya a gabanta sai da na ja da baya. Ba ta da ƙetare, gaskiyar alhazai. Ba ta gangarawa ko'ina, sai tahowa take tana komawa, tana huci ba hutu. Na ɗanɗana, gishiri zalla. Amma a bayan tsibiran da suka tare ta akwai ruwa kwantacce mai tudun yashi, kamar Kwara da rani. Da na ga wannan hankalina ya dawo jikina.

Jiya ƙaramin jirgi ya kai mu gandun gwamnati, irin na dajin Borgu, sai dai nan babu giwa, yashi ne da ciyawa da wata doguwar hasumiya mai zanen baƙi da fari, da fitila a kanta don masu jirgi. Wata ma'aikaciyar gandu mai malafa ta tara yara tana yi musu bayani, takwararki har da ɗaga hannu. Muntari ya matso zai fassara min, wai ruwan nan yana tafiya yana dawowa. Na ce, "Wane ruwa ne ba ya tafiya ya dawo? Kai da rabonka da kogi tun kana ɗan firamare, ni za ka koya wa ruwa?" Ya fasa fassarar. Gara haka.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Gobe za mu wani tsibiri mai dawakai marasa mai su. Jirgi yana sa wa Aishatu jiri da ciwon kai, shi kuma Muntari hotuna ne a gabansa. Ɗazu muna cin abinci ya ce, "Baba, Suhaila tana hannunka, kai ka san ruwa." Kin ji ko? Tana hannuna. Da bakinsa ya faɗa, a gaban uwarta, kuma ba ta musa ba.

Zan ba shi wannan ya jefa a akwatin gidan waya kafin mu tashi. Sauran labari in mun koma.

Dabo

Yelwa, Satumba 1994

Dabo ɗan'uwana,

Alhamdu lillahi! Allah ya yi maka albarka, ya yi wa Muntari albarka, ya saka wa Aishatu da Aljanna. Malam Sale ya ce akwai layukan da tawada ta jiƙe bai iya karantawa ba, amma wurin da ka ce yarinya tana hannunka, da bakin ubanta a gaban uwarta, sau uku na sa ya maimaita min. Na yi guɗa har Abigel ta shigo da gudu ta zaci faɗuwa na sake yi.

Ashe kana da amfani. Na janye faɗan da na yi maka, rabinsa.

Na sa an yaɓe ƙaramin ɗaki, an yi masa farar ƙasa. Na yi wa hedimasta magana, ya ce a kawo ta ko tsakiyar zango ne. Na dafa waina na raba sadaka, yanzu duk unguwa ta san takwarata na tafe. Liman ma ya sa albarka. Mata sai tambayata suke wai da gaske ba ta jin Hausa, na ce su ba ni wata uku.

Na sa Malam Sale ya rubuta wa Muntari takarda daban da boko, ta godiya, ga ta nan cikin ambulan guda. Ka gaya min ranar sauka, da irin abincin da take so, da ko tana tsoron kyanwa.

Dije

Yelwa, Oktoba 1994

Dabo,

Lafiya? Ka ce sauran labari in kun koma, ga shi damina ta ɗauke ban ji komai ba. Yajin aiki ya ƙare, takardun mutane na zuwa, Malam Sale ya gaji da zuwa gidan waya. Kai ba ka iya shiru ba, ko ƙorafi ne sai ka aiko. Shirun nan naka ba na lafiya ba ne.

Na sa an sake karanta min takardarka ta bakin teku tun daga farko, sai yanzu na ji wurin da ka rufe wa Muntari baki a kan maganar ruwa. Farin ciki ne ya toshe min kunne a karon farko. Tun ranar ba ni da sukuni. Kogi ya cika ya kawo har gindin mangwaron bayan gida, in na kalle shi sai ƙirjina ya buga.

Ko mene ne, ka faɗa min. In rasuwa aka yi kar ku ɓoye min don tsufa. Wane ne? Kai ne ba lafiya, ko yarinya?

Dije

Greensboro, Nuwamba 1994

Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Kafin komai: babu wanda ya rasu. Suhaila tana lafiya, tana makaranta yanzu haka. Muntari da Aishatu lafiya. Ni ma da sauƙi. Malam Sale, ka fara karanta mata wannan, ka bari ta sha ruwa, sannan ka ci gaba.

Takardunki duka biyu sun zo. Idona ya yi ciwo, an ɗinke min tafin ƙafa, shi ya sa ban rubuto da wuri ba. To, har da rashin sanin ta inda zan fara.

Ranar da na ce miki za mu tsibirin dawakai, mun je. Jirgi ya sauke mu da hantsi ya juya. Aishatu ta kwanta ƙarƙashin laima ta ɗaure kai. Muntari ya rataya kyamara zai bi dawakai bayan tuddai, ya waiwayo ya ce, "Baba, kar ku yi nisa, ruwa zai dawo wajen azahar."

Yaya, da kin ga wurin. Ruwa ya janye ya bar yashi shimfiɗe har iya ganin ido. Can gaba akwai wani tudu fari tas, tsakaninmu da shi ɗan rafi ne da bai wuce idon sawu ba. Kin san irinsa. In Kwara ta bar tudu irin wannan, bukka muke kafawa, mu shanya taru, mu dasa albasa a gefe, mu cire ta kafin ruwa ya waiwayo. Na duba sama, garau, ba hadari ko na magani. Ruwan da za a ce zai dawo, daga ina zai zo? Na kama hannun yarinya muka ƙetare.

Ba zan ce ba mu ji daɗi ba. Ta cika hularta da katantanwa. Na koya mata yadda ake lalube da yatsun ƙafa a cikin laka, ta ce "kifi," ta ce "ruwa," ta ce "yashi," duk da Hausa, ina faɗa tana maimaitawa. Na ce, "Amarya, na fasa sakin." Da rana ta karkata na yi alwala zan yi azahar a kan yashin nan mai tsabta. Sai ta kama rigata tana ja, tana nuna baya, tana zuba Turanci, fuskarta ba dariya. Na ɗauka wurin uwarta take son komawa. Raina ya sosu, na ce ashe ita ma an koya mata guduna. Na ce, "Kin gaji da tsohon mijinki ke nan? Zauna nan." Na zaunar da ita na ta da kabbara.

A sujadar ƙarshe goshina ya sauka a cikin ruwa.

Da na sallame na waiwaya, ɗan rafin nan ya zama kogi. Tudun da muke kai bai fi tabarma biyu ba, yana narkewa ina kallo. Na ɗora ta a wuya na shiga. Ruwa a gwiwa, a ƙugu, a ƙirji. Kwara in tana ja, ka san inda ta nufa, sai ka bi ta a karkace ka fita. Wannan ban san inda ya nufa ba, ta ƙasa yana jana gefe, ta sama yana marina. Wani ɓawon katantanwa mai kaifin aska ya tsarge min ƙafa. Gishiri ya shiga idon da aka yi wa aiki, na hagu dama ba ya gani, gaɓa ta ɓace min ɗungum. Yarinya ta shaƙe min wuya tana ihu, "Momi! Momi!" Sai wata igiyar ruwa ta kwashe ƙafafuna muka nutse tare. Ta suɓuce min, Yaya. Hannuna ya rufe a kan ruwa zalla. Na laluba, na sake lalubawa, Allah ya sa yatsuna suka sarƙe a kitsonta.

Wani Bature da matarsa masu kamun kifi a ƙaramin jirgin inji su suka tsamo mu. Suka tsamo Muntari ma, don ya faɗo ruwa da takalmi da kyamara, shi da iyonsa bai taka kara ya karya ba. Yarinya ta yi ta aman ruwan gishiri. Ma'aikatan gandu suka zo da bargo, likita ya duba ta ya ce babu komai. Aishatu ba ta yi kuka a gabana ba. Ta rungume 'yarta ta juya min baya, bayan yana rawa.

Ni ban ce laifin kowa ba ne. Amma ki gaya min, wa ya taɓa jin ruwa ya cika sau biyu a rana? Kwara sau biyu take cika a shekara, farin ruwa da baƙin ruwa, kuma sai ta yi makonni tana sallama kafin ta iso. Wannan ba ruwa ba ne, ɓarawo ne.

Da muka dawo babu wanda ya ce min ci kanka. Aishatu tana kawo abinci ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Wata rana na kasa daurewa, na yi mata magana kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Aishatu, me yarinyar nan take ce min lokacin da take jan rigata?" Ta ce, "Baba, cewa take ruwa yana dawowa. Matar nan mai malafa ta gaya musu in suka ga rafi ya fara faɗi, su koma gaɓa nan da nan. Ta ce ta faɗa muku har sau da yawa."

Sai kuma takardarki ta godiya ta zo wa Muntari. Ran Juma'a bayan masallaci ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Baba, Gwaggo ta sa mana albarka, ta ce gari duk ya ji, har an yi sadaka. Ni ba haka nake nufi ba ranar, amma alkawari ni na ɗauka, kuma ba zan kunyata ku ba. Mun yi magana da Aishatu. In kun ce a tafi da ita, a tafi da ita." Aishatu tana tsaye a bakin ƙofa, idanu sun kumbura, ta gyaɗa kai.

An ba ni ita, Yaya. Wannan karon da gaske, ba kuskuren karatu ba.

Na ce, "Wa ya ce muku ina so? Ku riƙe abarku. Yarinyar da ba ta iya cin tuwo da hannu ba, in kai ta ta ba ni kunya?" Muntari ya ɗago ya kalle ni. Na ce ya tashi ya ba ni wuri zan yi lazimi.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce ai shi ya sa ya kamata ta zo ta koyi Hausa. Ni ma haka na yi ta gaya wa kaina. To kafin ta koya fa? Kin ce a ba ki wata uku. Wata ukun nan za ta yi tana jan zanenki tana gaya miki abu, ke kina dariya kina ce mata takwara. Ga ki da ƙafa guda, ga kogi a gindin mangwaro. In ta yi ihu, wadda take kira tana bayan teku. Ni na ji wannan ihun a cikin kunnena, ba zan ɗauko shi in kawo miki gida ba.

Na kafa musu sharaɗi, kuma sun karɓa. Babban hutu mai zuwa za su zo dukansu, har uwar, su yi miki wata biyu a gidanki. Kafin nan ba a ƙara yi mata Turanci a cikin gida. Ki ci abinci, ki sha magani, ki jira su. Na san wata biyu ba riƙo ba ne. Na san ba abin da kika aiko ni ke nan ba.

Zan taso ƙarshen watan nan, idon hagu ya jira. Ni kaɗai zan sauka. Kar ki riƙe Muntari a zuciya, kar ki riƙe Aishatu, sun ba da ita, ni na hana ki. In matan unguwa suka tambaya ina takwara, ki ce iyayenta sun bayar, Dabo ne ya ƙi. Za su yarda, sun san halina.

Ƙaninki,
Dabo